Motar Gudu Ko Katkat: Abin Da Mai Saye A Damagaram Ya Kamata Ya Auna

Duk wanda Allah ya hore wa miliyoyin sefa a Damagaram, kuma ransa ya raja'a ga mota irin Ford Mustang, Dodge Challenger ko Porsche 911, yana da lissafin da ya sha bamban da na mai saye a Jamus ko Dubai. Waɗanda suka ƙera waɗannan motoci sun ɗauka cewa za a tuƙa su a kan kwalta mai santsi, za a zuba musu fetur mai daraja ta sama, kuma idan wata fitila ta kama a gaban direba akwai garejin da zai karanta matsalar da kwamfuta a ranar. Daga Takeita zuwa Gure babu ɗaya daga cikin ukun nan da mutum zai iya rantsuwa a kansa. Saboda haka kuɗin da ke hannun mai saye yana da wurare uku da zai iya zuwa: motar gudu ta ainihi mai ƙofa biyu, ko katkat irin Land Cruiser, Prado da Hilux, ko kuma mota ta tsakiya mai ƙofa huɗu da inji mai ƙarfi, wadda galibin masu zumuɗin saye ba sa ko waiwayarta.

Ya kamata a fara ba motar gudu haƙƙinta, domin abin da take yi ba ƙarya ba ne. Mustang GT ta 2018 tana da injin V8 mai lita 5.0 da ƙarfin doki 460, ta 2024 kuma 480. Challenger Hellcat da aka fitar a 2015 ta zo da doki 707. Porsche 911 Carrera ta 2019, wadda injinta mai silinda shida yake a baya, dokinta 385 ne kawai, amma tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 4.2, kuma ƙarshen gudunta ya haura 290. Birkin irin waɗannan motoci ya fi na kowace katkat kamawa, nauyinsu yana ƙasa-ƙasa ta yadda da wuya su kife a kwana, sitiyarinsu kuma yana sanar da hannun direba duk abin da taya take takawa. Wanda ya taɓa tuƙa ɗaya a kan hanya mai kyau ba zai yarda a ce masa mota duk mota ce ba, kuma yana da gaskiya.

Sai dai a tambayi inda ƙarfin yake da amfani a hanyoyinmu. Tsakanin Damagaram da Maraɗi, tafiyar kilomita 240 ko kusa da haka, wuri ɗaya ne direba yake matuƙar bukatar inji mai ƙarfi, wato lokacin da ya tarar da tirela ko tankar mai tana jan jiki, hanya kuma layi biyu ce kacal, yana son ya wuce ta kafin wata ta ɓullo daga gaba. Abin da ake bukata a nan shi ne mota ta tashi daga 80 zuwa 120 ba tare da jinkiri ba, kuma wannan aiki ba sai da doki 700 ake yin sa ba. Land Cruiser 300 da ta fito a 2021, mai injin fetur V6 da turbo biyu (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi), tana da doki sama da 400, tana kai 100 cikin daƙiƙa 6.7 duk da nauyinta ya zarce tan biyu. Toyota Camry mai V6 ta 2007 zuwa 2017 tana da doki 268, ta bayanta kuma 301. Kowace cikinsu za ta wuce tirela hankali kwance. Abin da motar gudu ta fi su da shi yana farawa ne daga gudun 160 zuwa sama, kuma wannan yanki ne da hanyar Yamai ba ta bari a shiga sai da ganganci.

Babban abin da ke raba motocin nan a ƙasarmu shi ne tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa. Ta Mustang ba ta wuce santimita 14 ko kusa da haka ba, ta 911 ta gaza hakan, alhali Land Cruiser da Prado suna da sama da 21. Bambancin ya yi kama da ƙarami a takarda, amma kusan kowane gari da ƙauye da babbar hanya ta ratsa, daga Tirmini zuwa Maijirgi, Tasawa da Gazawa, yana da tudun rage gudu a shiga da fita, kuma ba duka aka yi su da awo ɗaya ba. Mai katkat yana rage gudu ya hau ya sauka. Mai motar gudu sai ya tsaya cak, ya karkata sitiyari ya tunkari tudun a kaikaice, ya hau da taya ɗaya sannan ɗayar, yana sauraron ƙarar robar bamba tana gogar siminti, motocin haya na bayansa suna danna masa oda, yara masu tallan ƙwai da rake sun kewaye shi. Idan ya yi kuskure sau ɗaya ya taka da sauri, abin da ke ƙarƙashi shi ne salansa, da lagireto, da kaskon da man inji yake kwanciya a ciki, kuma fashewar wannan kasko a tsakanin gari da gari tana nufin kashe inji nan take da jiran motar da za ta ɗauke ta.

A cikin gari ma lamarin bai sauƙaƙa ba. Gaskiya ne aikin gyaran gari na Zinder Saboua, na bikin 18 ga Disamba 2018, ya bar manyan tituna masu kyau, amma gidajen mutane ba a bakin waɗannan tituna suke duka ba. Da zarar an sauka daga kwalta sai rairayi, da duwatsun da garin ya yi suna da su, da lungunan Birni da Zango waɗanda aka tsara tun kafin zuwan mota. Motar da ke tura kanta da tayoyin baya kawai, da faffaɗar taya mai santsi da inji mai ƙarfi, ita ce ta fi kowace saurin haƙa wa kanta rami a rairayi. Da damina kuma, musamman Yuli da Agusta, ruwa yana kwanciya a hanya, kuma daminar 2024 da ta rushe tsohon masallacin Birni ta nuna iyakar abin da ruwan garin nan zai iya yi. Hancin da injin motar gudu yake shaƙar iska da shi yana ƙasa sosai. Idan ruwa ya shiga silinda, fistin ba zai iya matse shi ba, sai sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe, injin ya tashi daga aiki a ruwan da ɗan kabu-kabu ya ratsa yana ɗage ƙafa.

Batun taya ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne kuɗi yake tsiyaya ba tare da mai mota ya lura da farko ba. Lambobin da ke jikin taya suna faɗin komai. Tayar Prado ko Hilux mai lamba 265/65 R17 tana da faɗin milimita 265, tsayin gefenta kuma kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 172 na roba da iska tsakanin ƙarfen wili da ƙasa. Tayar Mustang mai lamba 255/40 R19 tana da milimita 102. Tayar gaba ta 911 Carrera, 235/40 R19, tana da 94. Idan mota ta faɗa rami mai kaifin baki da gudu, tayar katkat tana lotsawa ta dawo, ta motar gudu kuwa bakin ramin yana matse ta da wili, sai gefenta ya kumbura kamar ƙwai ko ya tsage, sau da yawa wilin kansa ya lanƙwashe ko ya dare. Mai faci yana gyara hudar ƙusa, amma tsagewar gefe ba ta facuwa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne da yawa daga cikin motocin nan tayar gaba da ta baya ba girmansu ɗaya ba, kuma masu ƙera su ba sa sa safaya, sai ɗan famfo da gorar ruwan liƙi. Tayar Hilux ana samunta a Damagaram kafin la'asar, sabuwa ko ta hannu, alhali tayar inci 19 ko 20 mai lambar gudu ta sama sai an aika Kano ko Yamai, wani lokaci ma sai an jira ta daga Dubai.

Akwai kuma lissafin da ya shafi rai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, mai gudun 200 tana cin kusan 56. Kafin ƙafar direba ta bar totur ta kai birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Nisan tsayawa kuma ba ninki biyu yake yi idan an ninka gudu ba, ninki huɗu yake yi, don haka motar da ke tsayawa cikin mita 35 daga gudun 100 tana bukatar kusan 140 daga gudun 200, ban da 56 ɗin da ta riga ta ci, kuma wannan a kan busasshiyar kwalta ce marar rairayi. Hanyoyinmu ba su da shinge. Awaki, jakuna, amalanken shanu marasa fitila, garken da ke tsallakawa zuwa rijiya, da raƙuma a hanyar Tanut, duk hanyarsu ce kamar yadda take ta mai mota. Raƙumi ya fi komai haɗari ga gajeriyar mota, domin hancinta yana share ƙafafunsa ne kawai, gangar jikin mai nauyin ɗaruruwan kilo ta faɗo a kan gilashin gaba da rufi, daidai inda mutane suke zaune.

Wannan ba ya wanke katkat. Tsayinta da nauyinta su ne aibinta, domin tana bukatar nisa mai yawa kafin ta tsaya, kuma idan taya ta fashe ko direba ya fizgi sitiyari don kauce wa dabba a gudun 140, tana iya tuntsurewa inda gajeriyar mota za ta tsaya da ƙafafunta. Da yawa daga masu Land Cruiser V8 suna tuƙa ta kamar motar tsere saboda ba sa jin gudun daga ciki. Haka nan Hilux da Land Cruiser su ne motocin da 'yan bindiga suka fi kwaɗayi a yankunan da tsaro ya taɓarɓare, abin da duk mai yawan tafiya arewa ko gabas ya sani. Ba kuma arha gare su ba, domin sabuwar Land Cruiser 300 ta fi sabuwar Mustang GT tsada nesa ba kusa ba.

Mutane sukan ɗauka shan mai ne zai kayar da motar gudu, amma a nan bambancin bai kai yadda ake zato ba. Mustang GT tana shan lita 12 zuwa 13 a kilomita 100 idan an haɗa gari da doguwar hanya, kuma babbar katkat mai fetur tana shan hakan ko fiye. A farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar wa litar fetur a Yulin 2024, tafiyar Yamai mai kusan kilomita 900 za ta ci wa Mustang lita 110, wato jaka 55 ko kusa da haka, kuɗin da ba zai hana mai irin wannan mota barci ba. Inda bambancin yake shi ne girman tanki. Na Mustang lita 61 ne, na 911 lita 64, alhali Land Cruiser 200 mai tanki biyu tana ɗaukar 138. Lokacin ƙarancin man da aka yi a Maris 2025, sa'ad da matatar SORAZ mai tace ganga 20,000 a rana ta kasa ɗaukar bukatar ƙasa ita kaɗai, wanda ya cika tanki mai lita 138 da wanda ya cika mai 61 ba damuwa ɗaya suka kwana da ita ba.

Ingancin man shi ne ainihin matsalar. Injin da aka matse don ya ba da ƙarfi mai yawa yana bukatar fetur mai lambar oktan ta sama, wanda ba ya kamawa da wuta da kansa kafin lokacin da aka tsara. Porsche tana son 98 ga 911. Hellcat tana bukatar 91 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi daidai da 95 a ma'aunin Turai, kuma wannan bambancin ma'auni yana rikita masu saye da yawa, su ɗauka motar Amurka ba ta da zaɓen mai. A gidajen mai na Damagaram fetur iri ɗaya ne, ba a tambayar mutum wanne yake so. Injin zamani yana da na'urar da ke jin ƙwanƙwasar da ƙaramin oktan yake haddasawa, sai kwamfuta ta ja lokacin tartsatsi baya don kare fistin, sakamakon haka ƙarfin da aka biya miliyoyi dominsa ya ragu, inji ya ƙara zafi. Idan aka haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, kariyar tana iya kaiwa iyakarta, musamman a injin mai turbo ko 'yar uwarta sufacaja. Man 'yan ruwa-ruwa na kwalba kuwa, wanda tsohuwar Hilux take sha ta yi gyatsa, yana iya toshe allurar man injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani. A wannan fage Mustang GT ta fi takwarorinta haƙuri, domin injinta ba shi da turbo, kuma Ford ta yarda a zuba mata fetur na gama-gari ko da ƙarfin zai ɗan ragu.

Ƙurar hunturu tana da nata rabon. Matatar iskar da littafin mota ya ce a canja bayan dubban kilomita tana cika cikin makonni tsakanin Disamba da Fabrairu, lagireton da ke dab da ƙasa yana toshewa da ƙura da ciyawa, man inji kuma sai an yi juye da wuri fiye da yadda aka rubuta. Injin Mustang na 2018 zuwa sama yana cin kusan lita tara da rabi na man inji mai tsada a kowane juye, kuma jabun mai a cikin galan mai kyan gani ba baƙon abu ba ne a kasuwanninmu. Wanda zai sayi katkat mai gazuwal ma ya yi hattara, domin ƙirar da aka yi wa kasuwar Turai tana da matatar hayaƙi da tankin AdBlue (ruwan da ke tsabtace hayaƙi) waɗanda ba sa jituwa da kowane gazuwal. Ƙirar da aka yi wa Afirka ko ƙasashen Larabawa ita ce ta dace, ko da ta fi tsada.

Gyara shi ne inda Toyota ta yi wa kowa fintinkau. Land Cruiser 70 tana kan hanya tun 1984, Hilux tun 1968, kuma kusan duk bakaniken da ke da rumfa a Damagaram ya buɗe injinsu har ya haddace. Ana iya tsayawa a gareji a ga yaron shago ya kwance famfon mai ya baje sassansa a kan buhu, ya wanke da fetur, ya mayar kafin maigidansa ya dawo daga sallar azahar. Kayan gyara suna nan a gari, abin da babu a same shi a Ƙofar Ruwa ta Kano, kamfanin CFAO kuma yana wakiltar Toyota a Yamai. Akwatin giyar Porsche mai suna PDK ba a yi masa irin wannan aiki. Yana bukatar mai na musamman da kwamfutar da ta san harshensa, kuma bakaniken da ya ce zai gwada, da motar Alhaji zai koyi aiki. Ƙaramar na'ura ta jaka ɗari biyu tana iya ajiye mota wata biyu a ƙarƙashin rumfa ana jiran saƙo. Motocin Amurka suna tsakiya, domin injinsu ya fi sauƙin fahimta, kuma 'yan kasuwar Legas da Sharja suna da kayansu, amma ya kamata a tuna cewa an daina ƙera Camaro da Challenger a ƙarshen 2023, Mustang ce kaɗai ta ci gaba.

Hanyar shigowa da motar ma tana cikin farashi. Sabuwar Mustang GT ta 2024 ta haura dala 40,000 a Amurka, sabuwar 911 Carrera kuma ta haura Yuro 120,000 a Jamus, wanda a canjin sefa 655.957 ya kusa miliyan 79, tun kafin kuɗin jirgin ruwa, da duwan, da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari. Bayan rufe iyakar Benin da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan da suka saba bi ta Kwatano sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada, kuma gajeriyar mota ba a tuƙo ta a irin wannan tafiya, sai a ɗoro ta a kan babbar mota. Kuɗin binet da na inshora suna hawa ne da girman inji, shekara bayan shekara. Saboda haka galibi ta hannu ake saye, kuma a nan ne tarkon yake. Da yawa daga cikin Mustang da Charger da Camaro da ke yawo a kasuwannin Afirka ta Yamma an saye su ne a gwanjon motocin haɗari na Amurka, irin Copart, aka miƙe su aka fesa musu fenti. Motar gudu ba ta cika zuwa gwanjo saboda ƙaramin karo ba, kuma wadda ƙashin bayanta ya taɓa lanƙwashewa, ko aka cusa tsumma a gurbin jakar iskar da ta fashe, tana tafiya lafiya a gudun 60, sai a 150 take nuna halinta. Sayen irin wannan ta hoton WhatsApp sayen kifi a ruwa ne.

Ranar sayarwa ita ce ranar da lissafi yake fitowa fili. Hilux ko Land Cruiser mai lafiya tana da masu nema a Damagaram, da Maraɗi, da Agadas inda haƙar zinariya tun daga Jado a 2014 ta ƙara mata daraja, har da ƙungiyoyi da 'yan kasuwar Kano. Ɗan kasuwar da kuɗi ya yanke masa yana iya mayar da ita kuɗi cikin kwanaki, shi ya sa da yawa suke ɗaukarta a matsayin ajiya. Masu iya sayen 911 a jihar nan ana ƙirga su da yatsu, kuma sun san mai ita a matse yake idan ya fito da ita kasuwa. Ga mutumin da jarinsa yake juyawa a hatsi, ko dabbobi, ko kayan masarufi, wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci.

Na iyali kuwa a bayyane yake. Kujerun baya na 911 na yara ne ƙanana, akwatin kayanta da ke gaba lita 132 ne, Mustang kuma ko da tana da wurin kaya mai kyau, babba ba ya jure zaman bayanta zuwa Mirya, balle Maraɗi. Dattijo mai babbar riga da rawani sai ya durƙusa ya tattare kafin ya shiga, kuma ba motar da za a ɗauki Hajiya da ita zuwa gaisuwa a ƙauye ba ce.

Motocin tsakiya sun kasu biyu, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai irin Porsche Cayenne, da Mercedes-AMG, da BMW M, waɗanda suke da ƙofa huɗu, wasunsu ma da tsayi, amma suna ɗauke da duk matsalar mai da ta gyara da aka ambata, har da ƙarin shokozoba mai iska wadda zafi da ƙura suke cinye robarta. Arhar tsohuwar Cayenne a kasuwa tana da dalili. Ita kanta Porsche ta san abin da hamada take bukata, domin motocin da ta ci gasar Paris-Dakar da su a 1984 da 1986, lokacin da gasar take ratsa Tenere da Agadas, an ɗaga su ne an sa musu tuƙin ƙafa huɗu, kuma 911 Dakar da ta fitar daga baya don tunawa da hakan guda 2,500 kacal aka ƙera, kuɗinta kuma ya sayi Land Cruiser biyu. Kashi na biyu shi ne Camry V6 da 'yar uwarta Lexus ES 350, masu inji ɗaya mai lita 3.5 marar turbo. Suna shan man gidan mai ba gardama, bakanike ya san su, ana iya sa musu wili mai inci 17 da taya mai kauri, suna ɗaukar mutum biyar, kuma a gudun da hanyarmu take bari suna da kuzarin da zai gamsar da mai son tuƙi. Ba su da rurin V8, ba kuma za a juyo a kalle su a bakin fada ranar sallah ba, kuma ga wasu masu saye wannan ne dukan abin da suke nema, gara su faɗa wa kansu gaskiya tun da wuri.

A ganina, wanda mota ɗaya zai mallaka bai kamata ya sa motar gudu cikin lissafi ba ko kaɗan. Idan harkarsa tana kai shi Tanut, ko Gure, ko kasuwannin ƙauye, ko gona, Prado ko Hilux ce tasa, Land Cruiser kuma idan aljihu ya kai. Idan tafiyarsa ba ta wuce kwaltar Maraɗi, Yamai da Kano ta Matamai ba, Camry V6 ko Lexus za ta ba shi mafi yawan daɗin da yake hange a motar gudu da kaso kaɗan na kuɗin, ragowar kuma ya zauna a kasuwa.

Wanda ya riga yana da katkat a gida, kuma kuɗin da zai kashe ba jari ba ne, ba na makarantar yara ba ne, shi ne kaɗai maganar motar gudu ta shafa, kuma ba ni da hujjar hana shi. Damagaram ta san irin wannan sha'awa tun da daɗewa, domin mai dokin hawan sallah yana ciyar da shi dawa da harawa shekara guda saboda fitar kwanaki kaɗan, kuma ba ya sa ran dokin ya yi masa dako. Idan da wannan niyya aka shiga, Mustang GT ce ta fi dacewa, saboda injinta marar turbo, da haƙurinta da mai, da samuwar kayanta, kuma a zaɓi mai wili inci 18 a bar masu 20. Hellcat da 911 su zo a bayanta da nisa. A ware kuɗin taya huɗu da na gyaran shekara tun ranar saye, a tanadi rumfa mai rufi da ƙofar da ba ta da tudu, a riƙa tayar da ita ana zagayawa kowane mako, domin motar da aka ajiye batirinta yana mutuwa, tayarta tana tsagewa, ɓeraye kuma suna cin wayoyinta.

Kafin a biya ko sisi, a karɓi lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, a bincika tarihinta a Carfax, shafin intanet da ke ajiye tarihin motoci, ko makamancinsa, a nemi hotunan gwanjo idan ta bi ta can, a kuma tabbatar lambar da ke jikin mota ita ce a katgiris da takardar duwan. A ɗaga motar a duba ƙarƙashinta da fitila don neman walda ko sabon fenti a inda bai kamata ba, a haɗa ta da kwamfuta a ga ko jakunkunan iska suna nan da rai, sannan a tuƙa ta da tsakar rana da na'urar sanyi a kunne, a bar ta tana aiki a tsaye na rabin awa ana kallon allurar zafi. Idan dillali ya ƙi yarda da ɗaya daga cikin waɗannan, a bar masa motarsa.